Ɗakin gilashi na alminiyam mai ƙafa 6 da 8: abin da na gani bayan shekara uku

A kwali biyar kayan ɗakin shukar suka iso, uku dogaye biyu gajeru, gilasan kuma daban, a jingine kan wani katako an ɗaure su tam. Direban ya sauke a bakin titi, ya ce iyakar aikinsa ke nan. Gidanmu a birnin Lesta na Ingila irin gidajen jeren nan ne da ke manne da juna, mota ba ta isa baya, sai wani siririn lungu da muke fitar da shara ta cikinsa. Ta nan ni da babban ɗana muka yi ta jigilar gilashi ɗai-ɗai, tun bayan la'asar har magariba ta yi. Gilashin ɗakin gaba ɗaya ya haura kilo 100, kuma ba a ɗaukarsa a kwance, sai a tsaye. Duk mai niyyar sayen irin wannan kaya ya fara duba hanyar da za ta kai shi inda za a kafa, tun kafin ya biya ko fam ɗaya.

Ni ɗan Kura ne. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, manomin rani ne a filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, kuma tun ban kai ɗaukar kwando ba nake tsugunawa a bakin komi ina taya shi cire irin tumatir za a kai dashe. Da aiki ya kawo ni Ingila, na ga baƙar ƙasa mai kyau a bayan gida, ga ruwan sama ba ya yankewa, sai na ɗauka magana ta ƙare. Shekara biyu ina shuka a fili. Tumatir kan yi kyau har ya ɗauki 'ya'ya, sai danshin watan Agusta ya kawo masa ciwon nan da ke baƙanta ganye da kara cikin 'yan kwanaki. Attaruhu ko nuna bai taɓa yi ba, sanyin Oktoba ke riskarsa yana ɗanye shar. Kuɓewa kuwa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ba wai attaruhun ne ya yi wuya ba, ana samunsa a shagunan Narborough Road da Evington Road. Ni dai so nake in tsinko da hannuna, yarana kuma su ga yadda kayan miya ke fitowa daga ƙasa.

Abu uku ke gaban mai neman ɗakin shuka a ƙasar nan: rumfar leda, ɗaki mai bangon roba mai kama da gilashi, ko na gilashi sosai. Ledar ta fi sauƙin kuɗi, amma bayan 'yan shekaru sai an sake ta. Na robar ba shi da nauyi, kuma rashin nauyin ne aibinsa, domin iska kan lanƙwasa allon ta zare shi daga mazauninsa. Wani dattijon Bature maƙwabcina, wanda ya daɗe yana lambu tun kafin a haifi 'ya'yana, shi ya ba ni shawarar gilashi, ya kuma ce kada in yi ƙoro wajen zaɓen irinsa. Akwai gilashin lambu na da, mai kaurin milimita 3, wanda ke zuwa ƙanana-ƙanana kimanin ƙafa 2 da 2, ana ɗora bakin wannan kan wancan. Yana da araha, ana iya yanka shi, amma in ya fashe dogayen tsini yake yi masu kaifin aska. Akwai kuma wanda aka gasa aka ƙarfafa, irin na tagar gefen mota, in ya fashe sai ya zube ƙanana kamar tsakuwa. Yara uku gare ni, ƙaramar lokacin ta fara gudu, ga ƙwallo kullum a tsakar gida. Na ɗauki na biyun. Da ƙarfen gindi da kuɗin kawowa, fam 700 da 'yan kai na biya. Da na ɗauki gilashin araha da na rage kuɗi mai kauri, amma har yau ban yi da-na-sanin wannan zaɓi ba.

Wata guda kafin kayan su iso, ranar 18 ga Fabrairun 2022, guguwar da suka sa wa suna Eunice ta ratsa ƙasar. A tsibirin Wight an auna iska mai gudun mil 122 a awa, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Ingila. Hotunan ɗakunan gilashi da iska ta tumɓuke ta jefa gidan maƙwabta suka cika Facebook. Wannan ya sa na zauna na yi tunanin wuri sosai. Na shimfiɗa doron rufin daga gabas zuwa yamma, dogon bangon ya fuskanci kudu inda rana take. Ƙofa na juya ta gabas, tun da iskar ƙasar nan daga kudu maso yamma ta fi tasowa. Na bar ratar ƙafa 2 tsakanin ɗakin da shinge, don in samu wurin tsayawa in sa gilashi in kuma riƙa wanke shi. A yawancin gidajen Ingila ba sai an nemi izinin hukuma ba don ɗan ɗaki irin wannan a bayan gida, muddin bai wuce tsayin mita 2.5 ba idan yana cikin mita 2 daga iyakar maƙwabci. Nawa mita 2 ne da ɗan kai. Mai zaman haya kam sai ya tambayi mai gida.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Littafin da ya zo da kayan rabin shafi ya ba gindin ɗakin, ni kuwa kwana biyu cur ya ci mini, kuma duk alherin da na gani daga baya daga kwanakin nan biyu ya fito.

Da farko, "ƙafa 6 da 8" suna ne kawai. Ainihin awon ya ɗara haka, wajen mita 1.9 a faɗi da mita 2.5 da ɗoriya a tsawo, kuma kowane kamfani da nasa. Wanda ya yi gaggawa ya zuba daɓe da awon sunan zai tarar ɗakin ya fi daɓen. Ƙarfen gindin guda huɗu ne, an shafe su da tutiya don kada su yi tsatsa, kowace kusurwa da ƙafarta da ake binnewa a kankare. Da ido tsakar gidanmu a shimfiɗe take. Da na ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan dogon katako, ashe kusurwa ɗaya ta yi ƙasa da wajen santimita 4. Na tona, na cike da tsakuwa, na daddaɓe, na sake aunawa, haka har ɗigon ya tsaya a tsakiya ta kowane ɓangare. Sannan na ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, na sake ja ta ɗaya gicciyen. In awon biyu bai zo daidai ba, ɗakin ya karkace ke nan ko da ido bai gani ba. Maginan garinmu da igiya suke wannan aikin, su auna 3 nan, 4 can, su nemi 5 a gicciye, lissafin dai ɗaya ne.

Dalilin wannan wahala shi ne alminiyam yana da haƙuri, gilashi ba shi da shi. Firam ɗin zai yarda ya ɗan murɗe ya bi karkatar ƙasa, har ka ɗauka komai lafiya. Sai ka zo ɗora allon rufi ka ga kusurwa ɗaya ta zauna, ɗaya ta hau kan ƙarfe. Gilashin da aka ƙarfafa kuma ba ya yankuwa, ko milimita ɗaya ba a rage masa. Dattijon nan ya ƙara mini wata dabara da babu ita a littafin: in tona ramukan ƙafafun, in zura su, amma kada in zuba kankare sai firam ya tsaya a kai, na sake auna gicciye, na kuma gwada allo ɗaya a bango da ɗaya a rufi. Haka na yi. Da na zuba tun farko da na kulle kuskuren santimita guda da ya fito bayan an ɗora firam.

Littafin shi ne abin da ya fi ba ni takaici a cikin kwalin. Zane ne zalla, ƙanana, tawadar ta kwanta, bayani ba ya wuce layi ɗaya a shafi. Ƙarafan kuma da yawansu kamar tagwaye suke, bambancin rami ɗaya ne a ƙarshe, ko wannan na dama wancan na hagu. Lambobin da aka buga a jikinsu sai an karkata su ga hasken rana ake gani. Na shimfiɗa su duka a kan ciyawa, na ware na gaba, na baya, na gefe da na rufi, na sake rubuta lambar kowanne da alƙalami mai kauri. Awa biyu abin ya ɗauka. Gaskiya kuma a faɗe ta: babu abin da ya ɓace, ramukan duka sun hau daidai, ban huda ko ɗaya da kaina ba. Wanda ya ƙera kayan ya san aikinsa. Wanda ya rubuta littafin ne bai tuna da mutumin da bai taɓa haɗawa ba.

Notunan na alminiyam ne, masu kai mai kusurwa huɗu, sifana mai lamba 10 ke ɗaure su. Kowane dogon ƙarfe yana da ɗan kwaroro a jikinsa, ta baki ake zura kan notin ya zame zuwa inda ake bukatarsa. Ma'ana, duk notin da za a nema a tsakiyar ƙarfe, na matokari ne ko na taga ko na kantar ɗora kaya, dole a zura shi tun kafin a toshe bakin biyu. Littafin ya nuna wannan da wata 'yar lamba a gefen zane, ba ta kai ƙwayar gero ba. Mun gama haɗa bangon gefe guda, muna murna, sai ɗana ya ɗago matokarin ya ce, "Baba, wannan a ina zai kama? Babu noti a nan." Muka kwance bangon muka sake. Daga baya na gano ana sayar da wani noti da aka aske gefen kansa, ana cusa shi a kwaroron ko ta ina a murɗa ya kama. Ƙulli ɗaya kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk mai haɗa ɗakin nan ya saye shi tun ranar farko, zai kuma yi masa amfani daga baya wajen rataye igiyar tumatir.

Bango huɗun a ƙasa ake haɗa su, a kwance, sannan a tayar. Takardar talla ta ce mutum biyu za su gama komai a yini ɗaya. Ni ban ga yadda za a yi ba. Ranar tayarwa ƙanin maiɗakina ya zo ya taya mu, muka zama uku, kuma ukun duka sun yi aiki: ɗaya ya riƙe fuskar baya, ɗaya bangon gefe, na ukun yana ɗaure kusurwa. Da muka zo ɗora doron rufi na tuna yadda ake kiran maƙwabta a ƙauye in za a ɗora jinka, ai ba banza aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukarta ba. Firam ɗin da babu gilashi ba shi da nauyin kirki, mutum biyu na iya ɗaga shi cak, iska ma haka. Daren da ya kwana ba kankare, da igiya na ɗaure shi a jikin bulo ta kusurwa huɗu.

Kada a ƙulle noti sai an gama. Da yatsa kawai ake murza su, a bar firam yana ɗan motsi, har sai an daidaita shi. Ko an zo ƙullewar ma a bi a hankali. Surukin nawa ya saba da notin mota, ya ba ɗaya ƙarfi, sai ji muka yi ƙaras, ya tsinke. "Yaya, wannan ai kamar alewa yake," in ji shi. Uku muka tsinka a ranar. Kamfanin ya saka rara a ƙullin, sun ishe mu.

Bayan kankare ya kama muka shiga gilashi. Kafin nan akwai wata doguwar roba da ake zurawa a bakin kowane ƙarfe, a kanta gilashin ke kwanciya. Aiki ne mai cin rai da sa ciwon yatsa. In an jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulu ta fi shiga, kuma kada a ja ta, domin in an ja daga baya takan koma ta bar giɓi. Na zaɓi ranar da ko ganye ba ya motsi. Da rufi na fara, tun bango yana buɗe ina iya tsayawa a kan tsani daga ciki, kuma allo ɗaya dama, ɗaya hagu, don kada nauyi ya rinjayi gefe guda. Wasu 'yan wayoyi masu siffar harafin W ke riƙe gilashin, ana maƙala su a ƙarƙashin leɓen ƙarfe su danne shi. Suna da tsalle, in ɗaya ta kuɓuce sai a neme ta a ciyawa, don haka tabarau da safar hannu ba abin wasa ba ne a nan. Adadin da kamfanin ya bayar na ga ya yi kaɗan ga wanda ya ga aikin Eunice. Na sayo ƙari, na kusan ninka su a rufi da ɓangaren yamma. A nan na ci ribar kwanakin gindi: kowane allo ya zauna a mazauninsa kamar an zuba shi.

Allo ɗaya ya fashe, kuma a hannuna. Gilashin nan yana jure duka a fuskarsa, amma rauninsa a baki yake. Na sauke shi a tsaye, kusurwarsa ta ɗan taɓa siminti, sai kawai ya tarwatse ya zube a ƙafata. Ko ƙwarzane ban samu ba, kuma a ranar na ga amfanin kuɗin da na ƙara. Tun daga nan kwali nake shimfiɗawa kafin in ajiye. Samun madadinsa ne ya ba ni wuya. Da yake ba a yanka shi, dole sai awon kamfanin. Na kira, na aika saƙo, aka yi ta ce mini gobe, sai bayan kusan mako uku ya iso, kuɗin kawowa ya fi kuɗin allon. Burina in gama kafin azumi, wanda ya kama farkon Afrilu a shekarar, amma sai tsakiyar watan azumi na cire ledar da na toshe gurbin da ita. In an haɗa duka, kwana biyar na aiki ɗakin ya ci.

Ƙofar ce mafi rauni a jikinsa. Irin mai zamewa gefe ce, a rataye kan 'yan tayoyin roba biyu. Sai da na yi kusan awa ɗaya ina ɗaga ƙarfen samanta ina saukewa kafin ta daina cijewa. Ƙasa da tsakuwa kan taru a hanyarta ta ƙasa, sai an riƙa sharewa. Makamar da ta zo da ita kuwa ba ta riƙe komai, iska mai ɗan ƙarfi tana iya zuge ta. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin iska ba daga waje ta fi fasa ɗakin gilashi ba. In ta samu ƙofa ta shiga, ta rasa mafita, sai ta turo allunan daga ciki, wayoyin kuma ba a yi su don riƙe turi ta wannan fuskar ba. Na huda na sa sakata tawa.

Taga ɗaya tak ɗakin ya zo da ita a rufi, ƙafa 2 da 2. Masana lambu na ƙasar nan kan ce tagogin rufi su kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na faɗin daɓen. Daɓena bai cika murabba'in mita 5 ba, tagar kuma ba ta kai murabba'in mita 0.4 ba, wato wajen rabin abin da ake so. Ban ɗauki lissafin da muhimmanci ba, ina ganin wane zafi ne a Ingila da zai tsorata ɗan Kano. Sai ga 19 ga Yulin 2022, ranar da aka auna digiri 40.3 a Coningsby ta yankin Lincolnshire, karon farko da zafi ya haura 40 a tarihin Birtaniya. Ina wurin aiki maiɗakina ta kira ni. "Maigida, ma'aunin nan naka ya wuce 50, ganyen tumatir duk ya langwaɓe." Ta buɗe ƙofa, ta kwarara ruwa a daɓe, ta shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a kan rufin. Ita ta ceci shukar. Duk da haka furen tumatir na makon nan ya zube bai ɗaure ba. Ba sai an yi irin wannan rana ba ma, ko a watan Mayu in rana ta buɗe, ɗaki a rufe kan haura 35 kafin azahar.

Bayan nan na sayi taga ta biyu, da wani ɗan abin buɗe taga da kansa. Ba ya cin wuta ko batir. Ɗan bututu ne cike da kaki, in zafi ya tashi kakin ya kumbura ya tura sanda, taga ta ɗaga, in an yi sanyi ta sauko. A duk abin da na kashe wa ɗakin nan babu wanda ya biya ni kamarsa, kuma ina ganin kamata ya yi a ce yana cikin kwalin tun asali. In lokacin guguwa ya zo nakan cire bututun in ɗaure tagar da waya.

To, me ya fito a ciki? Tumatir ya yi abin da nake so. Tun da ruwan sama ba ya taɓa ganyensa, ciwon nan bai sake kama shi ba a shekara ukun. Gindi shida nake sawa, muna tsinka daga Yuli har Oktoba. Da yake iska da ƙudan zuma ba sa shiga sosai, nakan ɗan girgiza karan da hantsi don furen ya ɗaure. Attaruhu shi ne abin alfaharina. Yana da nawa, sai an shuka shi tun Janairu ko Fabrairu a cikin gida inda akwai ɗumi, a fito da shi ɗakin gilashi a watan Mayu. Ranar da na tsinko jajayen farko, a watan Satumba, na yanka ɗaya ƙamshin ya cika kicin, sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don mahaifina ne ya faɗo mini a rai. Gindi huɗu kan ba mu abin da muke daskarewa a firiza ya kai mu tsakiyar sanyi. Tattasai ma ya yi, alayyahu kuwa har sai mun raba wa mutane.

Kuɓewa ta ba da kai amma da ƙyar. A shekarar zafin nan ta 2022 ta ji daɗi, sauran shekarun abin da nake tsinka a mako bai wuce na miya ɗaya ba, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye da ke son ta in ɗakin ya bushe. Yakuwa ce ta koya mini abin da ban sani ba duk zamana a gona. Ta yi tsawo, ta yi ganye mai tsami yadda ake so, amma fure shiru. Ashe ita ba zafi kaɗai take jira ba, gajartar yini take jira. A gida yini da dare ba sa nisa da juna, da damina ta ja baya yini ya ɗan rage sai ta yi fure, shi ya sa zoɓo ke zuwa da kaka. A nan yinin watan Yuni ya haura awa 16, ba ya saukowa 12 sai ƙarshen Satumba, lokacin kuwa dare ya yi sanyin da ba za ta iya ba. Gilashi na tara zafi, amma ba ya taɓa tsawon yini. Yanzu don ganye kawai nake shuka ta, kuma faten da ake yi da ita ya ishe ni lada.

Maganar sanyi ma a faɗe ta yadda take, domin tallar ta ce za a yi noma duk shekara. Ɗakin da ba a hura masa ɗumi, da dare digiri 2 ko 3 kawai yake fin waje. Attaruhu ba ya mutuwa bayan shekara ɗaya in bai ga sanyi ba, sai na bar gindi biyu mafiya kyau a ciki, na lulluɓe su, ina sa ran su riga kowa a shekara mai zuwa. Sanyin da aka yi a tsakiyar Disambar 2022, sama da mako guda ƙanƙara ba ta narke ba, ya mayar da su baƙi ƙirin. Tun daga nan nakan datse su in shigo da su tagar kicin. Abin da ɗakin ke yi da gaske shi ne ya ƙara maka kamar wata guda a farkon shekara da wata guda a ƙarshenta. Ga attaruhu, watannin nan biyu su ne tsakanin ɗanye da nunanne. A cikin sanyi latas da alayyahon Turawa kaɗai nake bari.

Guguwa da dama sun wuce ta kansa, har da Darragh ta Disambar 2024, allo ko ɗaya bai motsa ba. Alminiyam ɗin ya dushe daga ƙyallinsa amma babu tsatsa, ban taɓa shafa masa fenti ba. Sau ɗaya a shekara nake wanke gilashin ciki da waje, in bi notuna da sifana, in duba wayoyin da suka saki. Gansakuka kan taru a inda gilashi ya haɗu da ƙarfe, da tsohon buroshin haƙori nake fitar da ita. Indararon da ke gefen rufin siriri ne, ganye kaɗan ke toshe shi, amma na haɗa shi da duro, kuma ruwan da yake tarawa kan ɗauke mini ban-ruwa na kwanaki.

Abu biyu zan sake da a ce yau zan saya. Bangon gefe gajere ne, bai fi ƙafa 4 da 'yan inci ba, tumatir kan kai gilashin rufi tun watan Yuli ya fara lanƙwashewa. Da na sani da na ɗora ɗakin a kan jeri biyu na jan bulo, ko in ƙara kuɗi in ɗauki mai dogon bango. Na biyu, girman. Dattijon maƙwabcina ya ce mini in sayi wanda ya fi abin da nake zato zan bukata, na ga kamar ƙafa 6 da 8 ta isa. Shekarar farko ma ba ta ƙare ba na ga gaskiyarsa, yanzu tukwane har bakin ƙofa.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke zaune a ƙasar sanyi, yana da ɗan fili da rana ke samu, yana kuma da niyyar daɗewa a gidan, ina ba da shawarar wannan ɗaki ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya ɗauki gilashi mai ƙarfi, ya ƙara taga da abin buɗe ta, ya ware kwana biyu don gindi kaɗai, ya kuma nemi mutum biyu su taya shi ranar tayarwa. Mai zaman haya na shekara ɗaya ko biyu rumfar leda ta fi masa, don kwance wannan a sake kafawa aiki ne ja. Wani abokina daga Kura da ya ga hotunan ya tambaye ni ko in aiko masa da irinsa. Na ce masa a'a. A zafin Afrilun Kano ɗakin nan tanda zai zama, abin da shukarsa ke nema inuwa ce da raga mai hana ƙwari, ba gilashi ba.

Tayoyin ƙofar sun fara cinyewa, ɗaya har ta tsage. Na samo sababbi, ina jiran ranar da babu iska in sauke ƙofar in canza su kafin irin attaruhun da ke tagar kicin ya isa fitowa.